Goran Kaka Ya Je Holan

Kacau-kacau, kacau-kacau. Duk sa'ad da wata a cikinku ta tare ni a ɗakin malamai ta ce, "Luba, wai yaya Holan ɗin nan take?" wannan ƙarar ce ke fara zuwa kunnena, tun kafin in tuna ƙugin jirgi. Ƙarar wani ɗan gora ce a cikin jakata, ranar da na baro Nahuce a bayan babur. Na sha ba ku labarin guntu-guntu tsakanin darasi da darasi, kullum ƙararrawa tana katse mu. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi tun daga farko, ku huta da tambaya, ni ma in sake yin tafiyar a zuci, don har yau daɗinta bai sake ni ba.

A shekarar 1998 ne, ina koyar da fiziks a nan Gusau, ina kuma karatun digiri na biyu a Sakkwato. Malamina ya haɗa ni da wata masaniya a Holan, Farfesa Marike, wadda ke aiki da na'urar da ake kira EPR. Ga aikinta a taƙaice. A cikin kowane abu akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira ilektiron, suna juyi a kan kansu kamar katantanwar da yara ke murzawa. Yawanci biyu-biyu suke zama, ɗaya na juyi dama ɗaya hagu, sai su yi tsit. Idan iri ya tsufa, man da ke cikinsa ya fara lalacewa, sai a sami waɗanda suka rasa abokan zama. A sa irin tsakanin manyan maganaɗisu biyu, a aika masa igiya irin ta rediyo, waɗannan marasa abokai su ne za su amsa, na'ura ta zana amsar. Iri mai hayaniya ya mutu ko ya kusa, mai shiru yana da sauran rai. Matsalar ita ce sai an niƙa iri da yawa ya zama gari kafin a auna, wato sai ka kashe shi kafin ka san ko rayayye ne. Farfesa tana ƙera wani ɗan akwatin tagulla da zai karɓi ƙwaya ɗaya ɗungurungum, kuma tana neman tsohon iri wanda aka adana irin na gargajiya.

Nan take na tuna Kaka, mahaifiyar babana, a Nahuce ta ƙasar Bunguɗu. Tana da wata jar gyaɗa da ta gada wurin uwarta, duk damina tana shukawa, har ciwon ƙafa ya kwantar da ita damina uku. Da Baffa, ɗan'uwan babana, ya gwada shuka wani abu daga ciki, ko ɗaya bai fito ba. Sauran yana cikin gora, an cakuɗa da toka.

"Gujiyar uwata za ki kai ma Nasara su niƙe?" in ji Kaka. Ita gujiya take ce wa gyaɗa, kamar yawancin mutanenmu.

"Ba za a niƙa ba, Kaka. Saurarenta kawai za a yi."

"Saurare? Magana takai?"

"Idan akwai mai rai a ciki, na'urar za ta nuna mana wace ƙwaya ce."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ja jiki ta shiga ɗaki, ta fito da goran ta riga ta liƙe bakinsa da laka. Ta ce saura kaɗan ne a ciki. "Kar a niƙa, kar a soya, ki maido min kafin ruwan shuka. Kuma kar ki faɗa ma kowa abin da ke ciki, ko ɗiyata Asabe. Ba ni son a ji na bar irin uwata ya mutu a hannuna."

Na ɗauki alkawari, na rungume goran kamar jinjiri.

Yayana Bello ne ya raka ni Kano. Lokacin ana wahalar man fetur, mun yi rabin yini a tashar Gusau kafin motar ta tashi, an cusa mu kamar buhunan auduga. Duk ramin da muka faɗa sai goran ya yi kacau. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da ke gefena ta kasa kunne.

"Malama, wannan ba gyaɗa ba ce? A miƙo mana, a mota ba a ci shi kaɗai."

Na ƙara rungume jakar. Na ce, "Magani ne, Hajiya."

"Ayya, sannu! Na mene ne? Basir ko shawara?"

Kafin mu wuce mararrabar Mada ta lissafa mini magungunan cututtukan da ban taɓa ji ba, direba yana ƙara nasa, Yaya Bello yana danne dariya yana raba wa mutane ƙuli-ƙulinsa don a manta da jakata.

A Tsafe mai ya ƙare. Direba ya ɗauki galan ya ce yanzu zai dawo, har la'asar ta yi sanyi babu shi babu labarinsa. Dole muka nufi gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, wadda ke sayar da fura a bakin titi. Tun daga nesa ta rangaɗa guɗa.

"Lale da 'yar Turai! Ke Luba, haka za ki tahi ƙasar mutane kamar tsinke? Kawo jakar nan."

Ta fizge jakar ta kai ɗakinta. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka har na rasa inda zan sa numfashi. Da safe na tarar jakar ta kusa ninka nauyinta: kilishi, dakuwa, yaji, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Na ce, "Gwaggo, jirgi fa yana da awo." Ta ce, "To ya auna, ai ba sata kika yi ba." Kun san Gwaggo, ko kwanon aro ba ya fita gidanta wayam. Na leƙa na ga goran yana nan a liƙe. Abu ɗaya kawai na lura da shi a hanyar Funtuwa: ya daina kacau. Na ce toka ce ta zauna.

A filin jirgin Kano wani jami'i ya ɗaga goran da yatsu biyu ya ce, "Malama, da ilminki da komai, har da asiri?" Na nuna masa takardun izinin fitar da iri. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Allah ya sa dai su ba ki aiki da shi." Na ce amin, don ba ni da lokacin gardama. Da jirgi ya ɗaga na ga gonaki sun koma kamar facin zane, na ji kamar ni ma an murza ni ina juyi, ban san sa'ad da na yi dariya ni kaɗai ba.

A filin jirgin Holan kuwa karen masu bincike ne ya tarbe ni. Ya zo ya zauna gaban jakata cikin ladabi, kamar ya zo gaisuwa. Aka kai ni wani ɗaki. Kilishi aka fara ɗaukewa. Da wata jami'a ta kwance ƙullin daddawa, sai ta ja da baya, fuskarta ta yi ja, ta tambaye ni ko wani abu ne ya mutu. Na ce abin miya ne. Ta ce, "Ana ci?" Na ce, "Har a nemi ƙari." Ita ma aka tafi da ita. Goran kuwa takardunsa sun cika. Jami'ar ta sa safar hannu ta ɓamɓare lakar, na leƙa, karo na farko da na ga cikinsa. Cike yake har wuya. Na ce a raina, ashe kaɗan ɗin tsofaffi ke nan.

Masaukina gidan wata tsohuwa ne, Misis Deka, a wani ƙaramin gari mai jami'a. Matakalar benenta tsani ce kawai aka yi wa fenti, sai na tattare zane nake hawa. Tagoginsu manya, ba labule, kana wucewa kana ganin mutum yana cin abincinsa, kuma ba wanda ke kallon wani. Gaisuwa kalma ɗaya ce. Ranar farko na tambayi Misis Deka kwana da gajiya da sanyi da iyali, ta tsaya tana kallona, ta ce ko wani abu ya faru ne. Da yamma ta kira ni shan shayi, ta buɗe gwangwanin biskit, na ɗauki ɗaya, ta ɗauki ɗaya, ta mayar da murfi ta rufe. Na tuna Gwaggo, na kusa ƙwarewa da shayi. Amma matar nan ita ce ta nemo mini alƙibla da taswira, ita ta ɗinke mini safar hannu, ita ta koya mini hawan keke a bayan gida, tana gudu a bayana da shekarunta har na faɗa cikin shingen furanni.

Abincin rana ma sai da na koya. Kowa a wurin aiki zai kwance burodinsa da cuku ya hau ci a gabanka, babu bismilla. Ranar farko na zauna ina jira a ce in sa hannu, har aka tashi. Washegari na kawo dakuwar Gwaggo, wadda karen ya yi mini rangwame a kanta, na bi kowa da ita. Pitar, makanikin da ya ƙera akwatin tagullar, ya ci ɗaya, yaji ya kama shi, yana hawaye yana miƙo hannu a ƙara.

To, ɗakin na'ura. Wayyo, ina ma kun gani! Maganaɗisun kamar manyan duwatsun niƙa biyu a tsaye suna fuskantar juna, ruwan sanyaya su yana gunaguni a bututu. A ƙofa ake ajiye agogo da makulli, ni har da allurar mayafina, sai ɗauri na koma yi. A tsakiyarsu ga ɗan akwatin, bai fi akwatin ashana ba. A ɗakin da ke kusa akwai 'yar'uwarta, NMR, wadda ita tsakiyar ƙwayar zarra take saurare, ta gaya maka labarin ruwa da man da ke cikin abu. Duk abin da na yi shekaru ina zana wa ɗalibai a allo da alli, ga shi a gabana yana numfashi. Farfesa Marike, doguwa mai furfura, ta ce, "Ke za ki sa ta farko." Na yi bismilla na sa ƙwayar gyaɗar Kaka.

Abin da ya fito a allon na'urar ya ba kowa dariya: haƙora shida a jere kamar matsefi. Farfesa ta ce, "Wannan ba gyaɗa ke magana ba, tokar kakarki ce." Ashe akwai wani ƙarfe a toka da ya fi iri ƙarfin murya. Na yi kwanaki ina share ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da burushi mai laushi, ina yi musu 'yan waƙe-waƙe a hankali in ba kowa.

Sai matsala ta biyu. Ƙwaya ɗaya za a auna sau uku ta ba da amsa uku, don kowane sawa da yadda take kwanciya a akwatin. Pitar ya gwada matsewa da roba, ta goge fatar gyaɗar, na ce a'a. Wata safiya ina wasa da farin zaren roban da suke naɗe bututu da shi, na ga na naɗa shi zobe, yadda muke naɗa gammo. Na ɗora ƙwayar a kai, ta zauna daram kamar tulu a kan 'yar talla. Muka auna, muka cire, muka sake, amsa ɗaya. Pitar ya ce mene ne sunan abin. Na ce gammo. Har na baro can, kowa a ɗakin "hammo" yake cewa, da wani kakin maƙogwaro irin nasu.

Matsala ta uku ce ta hana ni barci. Da muka auna ƙwayoyi da yawa, sai suka rabu gida biyu, masu hayaniya sosai da masu shiru sosai, ba na tsakiya. Farfesa ta ce tsohon iri ba ya yin haka, a hankali yake gangarawa, don haka akwatin ne ke da aibi. Pitar ya kwance shi ya ɗaura, haka dai. Daga nan ya ce, "Hanya ɗaya ta rage. A niƙa rabi, a auna ta tsohuwar hanya, a kwatanta."

Na ce, "Ba za a niƙa ba."

"Luba, gyaɗa ce fa. Akwai buhu-buhu a kanti."

"Ta kanti ba ta da kaka."

Farfesa ta cire tabarau ta ce, a fili kamar yadda suke magana, in ba a tabbatar da akwatin ba, aikinta na shekara biyu ya tsaya, ni ma ba ni da abin rubutawa a kundina. Na san haka. Na kuma san a gida zafi ya kai maƙura, an fara duban gabas. Na fita na zauna a bakin wani magudanin ruwa ina kallon agwagi, ina maimaita kalaman Kaka. Kar a niƙa, kar a soya. Sai na miƙe da gudu, na bar keken a can. Ai ba ta ce kar a shuka ba!

Muka ɗauki kaɗan daga kowane gida muka jiƙa, muka bi shigar ruwa cikinsu da na'urar NMR ta ɗakin kusa, sannan muka shuka a 'yan tukwane a ɗakin gilashi mai ɗumi. Kullum da sassafe ni ce a ƙofa kafin mai makulli. Babbar Sallah ma a can ta same ni, daga masallacin Turkawa na wuce wurin tukwanena da kwalliyata. Ranar da na ga ƙasa ta tsage a tukunyar farko, wani ɗan kore ya sunkuyo da kai kamar mai jin kunya, na yi guɗar da ban san na iya ba. Masu shiru suka fito kusan duka. Masu hayaniya suka ruɓe a ƙasa. Akwatin gaskiya yake faɗa. Farfesa ta rungume ni, Pitar ya yi ta buga tebur, da rana aka kawo kek, kuma wannan karon ba wanda ya rufe murfi.

Ranar sallama Farfesa ta ce, "Abu ɗaya bai kwanta mini ba har yanzu, rashin na tsakiya. Kin tabbata ba wanda ya buɗe goran a hanya?" Na ce ko kusa, a liƙe ya baro hannun Kaka, a liƙe ya iso.

Na sauka Kano hadari yana haɗuwa. Ban tsaya Tsafe ba, ban kwana Gusau ba, na wuce Nahuce da ƙulli biyu a cikin goran. Kaka ta zazzage su a faifai, ta kai kusa da ido, ta murza ɗaya.

"Ita ce. Ba su taɓa min ita ba."

"Wannan ƙullin masu rai ne, Kaka. Wannan kuwa sun mutu."

"Duka za a shuka. Su ma ɗiyan uwata ne."

Aka ɗauke ta a kujera zuwa bayan gida, tana nuna wa Baffa inda zai sara. Aka yi ruwa. Layin masu shiru ya fito kore shar, ɗayan layin ya zauna ƙasa. Da kaka ta yi, Kaka ta ɓare kwanso na farko, ga ja kamar lalle, ta yi ta kuka tana dariya tana shi mini albarka har na ji kunya.

A nan nake tsayawa duk lokacin da na ba ku labarin. Abin da ya rage Farfesa kaɗai na rubuta wa, don hakkinta ne ta gyara bayaninta, kuma ta amsa da cewa yanzu ne hankalinta ya kwanta.

Bayan girbi na biyu, gyaɗar ta yi yawan da Kaka ta saki sirrinta, ta ba ni kwano guda in kai wa Gwaggo Asabe. Na same ta tana dama fura, na ba ta labari tun daga kacau har tukwane. Ta buɗe kwanon, ta duba, ta saki ludayi.

"Ke Luba! Goran nan na cikin jakarki? Ai ni na cika shi."

"Kika me, Gwaggo?"

"Na girgiza na ji rabi ne. Na ce Inna tsufa ya kama ta, ta ba yarinya guzuri rabin gora. Na ɓamɓare, na zuba tawa har wuya, na kwaɓa laka na liƙe. Mi na yi kuma?"

Na zauna a kan turmi. Ashe masu shirun duka na Gwaggo ne, sabon girbinta, na Kaka kuwa ba wadda ta rayu. Ashe baƙuwar gyaɗa na kai wa tsohuwa ta yi kuka a kanta. Da ƙyar na ce, "Gwaggo, taki ɗin a wace kasuwa kika saye ta?"

"Saye? Allah ya kiyaye." Ta nuna bayan gida da haɓa, inda ganyen gyaɗa ke shanye a kan danga. "Ranar da aka kawo ni Tsafe, Inna da hannunta ta ƙulla min tafi ɗaya a bakin zane, ta ce ta uwarta ce. Ita ta manta. Ni ko damina ɗaya ban taɓa fashin shuka ta ba."